Tsumman da Na Jefar a Alƙahira

Sallama gare ku masu bibiyar labarin nan. Masu turo min saƙo cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, da hannu ɗaya nake rubutun yau, ɗayan an sake hana ni ɗaga shi. Yadda aka yi aka sake hana ni ɗin shi ne abin da zan ba ku.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Zuhra, shekarata talatin da ɗaya, gidanmu yana unguwar Zaitawa, kuma gurasa muke yi. An ce kakar kakarmu ce ta taho da sana'ar daga Tarabulus. Tanderu uku ne a tsakar gidanmu, babban cikinsu muke kira Rijiya saboda zurfinsa. Ana cinna kara a ciki, in wuta ta faɗa sai a jiƙa hannu a ɗebo kwaɓin fulawa a manna a jikin bangonsa layi-layi, tun daga ƙasa har baki. Layin ƙasan Rijiya kuwa duk gidan ni kaɗai hannuna ke kaiwa. Da wannan aka san ni. Ban iya hira ba, ban iya kwalliya ba, boko ma sai da na kai ashirin da huɗu na shiga makarantar manyan mata, amma na iya Rijiya.

Abin da ba a san ni da shi ba shi ne ƙirjina. Tun ina shekara goma sha biyar na dama ya fito, na hagu ya ƙi. Aka jira, aka sha rubutu, aka shafa mai iri-iri, shiru. Sai Umma ta ɗauki tsohon ɗankwalinta ta ninke shi takwas ta ɗinke gefensa, ta ce in riƙa sawa a cikin rigar mama kafin Allah ya kawo sauƙi. Shekara goma sha shida na yi da tsumman nan. In ya mutu a ɗinka wani. Saboda shi na kori maneman aure har unguwa ta yanke cewa ina da aljani.

Daga Umma sai Gwaggo Maryam, ƙanwar Babanmu mai saro abaya daga Alƙahira, su kaɗai suka sani. Gwaggo ce ta je ta tambayi malami, ya ce gyara naƙasa daban, canza halitta daban. Ita ce kuma ta ɗauke ni a tafiyarta ta kai ni wurin wata likita, aka yi min aiki aka saka ciko a ɓangaren hagun ya daidaita da ɗan'uwansa. Ranar da za mu taho na ciro tsumman daga jaka, na daɗe ina kallonsa, na jefa shi a kwandon sharar masaukinmu. Ban yi kuka ba. Na dai ce masa, ka gama naka.

A unguwa kuwa cewa aka yi ƙari aka cire min.

Likitar ta ba ni doka uku. Sati shida ba ɗaukar nauyi, ba ɗaga hannu ya wuce kafaɗa. Fatar wurin za ta yi watanni ba ta jin zafi ko sanyi, don haka in kiyayi ruwan zafi. Sannan duk ciwon da ya fito kusa da ɗinkin, in tafi babban asibiti in faɗa musu gaskiyar abin da ke ciki, domin in ƙwayar cuta ta shiga cire cikon za a yi.

Kun san me ya fi aikin wahala? 'Yan dubiya.

Inna Kulu maƙwabciyarmu ce ta fara zuwa, ta zauna a bakin gadona ta kafa wa ƙirjina ido.

"Sannu Zuhra. To ina ƙarin?"

"An cire, Inna."

"Na san an cire. Ina yake? Ba su ba ki a kwalba ba? Lokacin da aka yi wa ɗana Salihu nasa a kwalba suka ba shi, har yau yana nan a saman kwaba."

"Su can ba sa bayarwa."

"Larabawa ke nan, komai sai sun riƙe. Buɗe in gani."

Umma ta yi wuf ta ce likita ya hana iska ta taɓa wurin. Inna Kulu ta taɓe baki ta ce ita dai abin da ya ba ta mamaki, an ciri abu daga jikin mutum amma ya dawo ya fi da cika. Na ce kumburi ne. Ta ce to Allah ya sa kumburin ya daɗe, ya karɓe ni.

Na ja mayafi na rufe ƙirjina. Shiru ne sana'ata ta biyu bayan gurasa.

Umma ma ba ta bar ni ba. Ita a wurinta ba ciwon da ke warkewa ba tare da gashi ba. Kullum da safe sai ta shigo da tafasasshen ruwa a roba da tawul.

"Umma, likita ta hana."

"Likitar ta taɓa haihuwa? Mu da aka gasa mu da ruwan da ke sale kaza, ga mu nan garau."

"Ba na jin zafi a wurin, Umma. Zan ƙone ban sani ba."

"To ai kin huta, wasu da ihu ake yi musu."

Sati uku muna wannan. Kullum ni ke cin nasara, kullum ita ke fita tana mita da robarta. Har ina yaba wa kaina cewa na iya bin doka. Ku riƙe wannan.

Sai kuma Malam Mukhtar. Shi ke kawo mana riɗi da habbatus sauda daga shagonsa na kasuwar Kurmi. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, mutum ne mai sanyin magana, mai farar hula ɗaya da ban taɓa ganin ta da datti ba. Shekara guda yana tsayawa a zaurenmu yana tambayar Umma lafiyar ƙafarta kafin ya iya tambayar lambata. Shi ne na farko da ban kora ba, domin lokacin Gwaggo ta riga ta fara maganar tafiya. Manyansa za su zo neman aurena da zarar an gama zaɓe. Kuma shi ma ƙari ya sani.

Wannan ne abin da ya hana ni sukuni. Ba ciwon ba, ba Inna Kulu ba. Mutumin nan zai aure ni a kan labarin da ba shi ne ba.

Na faɗa wa Umma ina so in gaya masa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki gaya masa me? An gyara, magana ta ƙare."

"Zai ga ɗinkin."

"Ɗinkin ƙari. Ke namiji kike tunanin zai tsaya duba ɗinki? Ki buɗe baki yau, gobe yayarsa ta ji, jibi Kurmi ta ji, a ce 'yar gidan Hajiya roba ce a ƙirjinta. Shekara goma sha shida na rufa miki asiri, saura wata biyu za ki yaye da hannunki?"

In Umma tana magana kalmomina guduwa suke, sai bayan awa biyu su dawo a jere lokacin da ba su da amfani.

Shi kuwa saƙonsa kullum bayan la'asar yake shigowa, iri ɗaya kamar an auna:

"Malama Zuhra barka da yamma. Ya jikin? Kar ki yi garajen komawa aiki."

Ni kuma in amsa: "Da sauƙi Malam. Na gode."

Sau nawa na rubuta gaskiyar na goge, ban ƙirga ba.

Ana cikin sati na huɗu wani mai neman kansila ya aiko a yi masa gurasa dubu biyu na taron ranar Asabar. Umma ta karɓa ba ta tambayi kowa ba. Larai, wadda ta fi shekara ashirin tana aiki a gidanmu, ita aka ɗora a kan Rijiya. Larai gajeriya ce. Ranar Juma'a da aka gwada, duk layin ƙasa sai ya zube cikin toka, tana tsamo su baƙi ƙirin tana zagin yis.

Da yamma Umma ta shigo ɗakina ba roba ba tawul, na san akwai magana.

"Zuhra, ya jikin?"

"Saura sati biyu da kwana uku, Umma."

"Ban tambaye ki kwanan wata ba. Kina cin abinci, kina sallah a tsaye, jiya har dariya na ji kin yi a waya. Ba buhu na ce ki ɗauka ba, ba kwaɓi na ce ki yi ba. Manni kawai. Kuma likitar cewa ta yi kar ki ɗaga hannu sama. Rijiya sama take ko ƙasa?"

Jama'a, ku faɗa min yadda ake amsa wannan.

"Mutane sun fara magana," ta ci gaba. "Matar Sani mai nama an cire mata ƙari, kwana goma ta koma daka. Kulu har ta tambaye ni wai wane irin ƙari ne wannan mai cin wata guda. In kina so a daina tambaya, ki fito a gan ki a bakin tanderu."

Nan ta kama ni. Ba don kansila na fito ba, don bakin Inna Kulu na fito.

Asabar bayan sallar asuba na sa rigar maman asibiti mai kama ƙirji kamar ɗamara, na ɗora tsohuwar rigar atamfata ta aiki mai ruwan ƙasa, na ɗaura zani na tamke kallabi. Tsakar gida ta cika da hayaƙin kara da ƙamshin kwaɓin da ya tashi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kewar wurin. Larai ta gan ni ta saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Zo ki karɓi mijinki, ni ya ƙi ni."

Na duba wutar, ta faɗa daidai. Na goge bango da jiƙaƙƙen buhu, na jiƙa hannun dama na ɗebo kwaɓi, na sunkuya. Hannuna bai manta komai ba. Ɗaya, biyu, uku, layin ƙasa ya zagaye tsaf babu wadda ta motsa. Ɗinkin ya ɗan ja ni kaɗan, ba wani abu ba. Na rufe, na jira, na buɗe na ɓamɓaro su jajaye masu ƙamshi. Umma ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ba ta kushe ba, wanda a wurin Umma yabo ne babba.

Zubi na biyu. Na uku. Har na fara cewa a raina ashe likitar ma ta cika tsoro.

Ina cikin na biyar, rabin jikina a cikin Rijiya, Larai ta ce, "Wai me ke ƙauri ne?"

"Kara ne," in ji Umma.

"Kara ba ya warin roba, Hajiya. Zuhra, ɗago."

Na ɗago. Larai ta kalli ƙirjina ta dafe bakinta. Na sunkuyar da kai. Atamfar ta ƙone a ɓangaren hagu, baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu, rigar asibitin da ke ciki ta narke ta manne. Ni kuwa ko ɗumi ban ji ba.

A tsaye a wurin na gane abin da ban taɓa ganewa ba cikin shekara goma sha shida. Ba tsawon hannu ne ya sa nake kai wa ƙasan Rijiya ba. Kowa in zai manna gurasa yana ɗage ƙirjinsa daga bakin tanderu saboda zafi, ni kuwa kwantar da ɓangaren hagu nake a kan bakin in zura jiki, domin ɗankwalin Umma mai ninki takwas ne a wurin. Shi yake shan wutar. Shi ya sa yake saurin mutuwa, ni kuma ina cewa gumi ne ke cinye shi. Gwanintar da ake yabo na a kai ashe ta tsumma ce, kuma na baro shi a kwandon shara a Alƙahira. Na yi sati uku ina faɗa da robar ruwan zafin Umma, na zo da ƙafata na kwanta a kan tanderu har sau biyar.

Umma ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa. Da almakashi ta yanke rigar. Fatar ta tashi, ta yi ruwa, wani wurin ya sale, kuma bai fi faɗin yatsa biyu tsakaninsa da ɗinkin ba. Umma ta ajiye almakashin ta yanke hukunci.

"Kemis ɗin Ilu za mu. Ya wanke ya sa magani, ba ya tambaya."

"Umma, likita ta ce babban asibiti. Kuma in faɗa musu abin da ke ciki."

"Ki faɗa wa wa? Asibitin da ko'ina 'yan unguwa ne? Ilu ya yi wa Larai nata ƙunar, ga ta nan."

"Larai ba ta da ciko."

"Rage murya."

Larai ta ƙwanƙwasa ta ce Malam Mukhtar yana zaure, ya kawo riɗi, ya ji an ce na ƙone, ya ce motarsa tana bakin titi. Umma ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta yafa min mayafi mai sauƙi, ta zura min babban hijabi mai ruwan toka, ta matso kusa da kunnena.

"Hannu ne. Kin ji ko? Damtse."

Muka bi lungu muka fito titi. Ya buɗe mana baya, ni da Umma muka shiga. Motar tana ƙamshin kanumfari da citta kamar shagonsa. Ya ajiye wayarsa a gaban sitiyari.

"Sannu Malama Zuhra. Ina ne wurin?"

"Damtse ne, Malam," Umma ta amsa. "Ɗan kaɗan. Kemis ɗin Ilu za ka kai mu, ta wajen Goron Dutse."

"To Hajiya. Amma da ma ai bai kamata ta koma aiki yanzu ba."

"Ita ta matsa. Ka san ta da son aiki."

Na kalli Umma. Ta kalli taga.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da jerin gwanon 'yan kamfen sun tare hanya, motoci da babura da lasifika, har da masu ganga a bayan a-kori-kura. Ina jin mutanen kansilan namu ne ma, waɗanda za su ci gurasar. Muka tsaya cak. Umma ta shiga ba shi labarin ƙunar Larai da yadda Ilu ya warkar da ita cikin kwana huɗu, shi kuma yana ta "haka ne Hajiya". Ina zaune ina sauraro kamar kullum, ina jin ruwan ciwon yana bin cikina ba zafi, ina hango Ilu da audugarsa da shuɗin maganinsa, ina hango a mayar da ni ɗakin tiyata a ciro abin a miƙo min wani ɗankwalin.

Umma tana karanta Alƙur'ani da ajami fiye da limamai da yawa. Boko ne ba ta karantawa. Na zaro wayata daga ƙarƙashin hijabi, yatsuna duk busasshen kwaɓi, na rubuta a gabanta:

"Malam, ba damtse ba ne, ƙirji ne. Kuma ba ƙari aka cire min ba. Ɓangaren hagu ne bai fito ba tun ina yarinya, aka saka min ciko a Alƙahira. Ƙunar tana kusa da ɗinkin. In ba babban asibiti aka kai ni ba zan iya rasa shi. Na so in faɗa maka tuntuni. In ka fasa ba zan ga laifinka ba, amma ka fara kai ni."

Wannan karon ban goge ba.

"Wa kike wa rubutu a wannan halin?" in ji Umma.

Wayarsa ta yi ƙara a gaban sitiyari. Ya ɗauka. Ina kallon bayan kansa, farar hular nan, da kunnensa. Ya daɗe yana karantawa, ya fi tsawon saƙon daɗewa. Bai waiwayo ba, bai kalli madubi ba. Masu ganga suka wuce, hanya ta fara buɗewa, na bayanmu suka dame mu da hon. Ya taɓa wayar 'yan sakanni ya ajiye, ya sa giya.

Hanyar Goron Dutse dama ce. Ya karya hagu.

"Malam, ka saki hanya," Umma ta ce.

"Ban saka ba, Hajiya. Asibiti za mu."

"Kemis na ce. Ɗan damtse ne fa."

"Na ji, Hajiya. Ƙunar tanderu ba ta kemis ba ce. Ki yi min haƙuri yau ɗaya."

Umma ta juyo a hankali ta kalle ni, ta kalli wayar da ke cinyata, wadda ta kawo haske a daidai lokacin. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a kai ba, amma ta haife ni. Ta jingina da kujera, ta ce ƙasa-ƙasa, "Makarantar nan dai da ban bar ki kin shiga ba." Bayan ɗan lokaci na ji hannunta ya lalubo nawa a ƙarƙashin hijabi ya riƙe, riƙon da rabinsa tausayi ne rabinsa mintsini.

Da ɗaya hannun na buɗe saƙon.

"Na karanta. Likita ya fara ganinki. Bayan nan ina so ki maimaita min duka da bakinki, a gaban Hajiya, sannan in ba ki amsa."

Da bakina. A gaban Umma. Ni da na yi shekara bakwai ina koyon rubutu don in huta da magana.

Ya tsaya a ƙofar asibitin ya zagayo ya buɗe mana. Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta jawo kati ta ɗaga biro, ta ce, "Me ya same ta, kuma an taɓa yi mata aiki a wurin?"

Umma ta ja numfashi za ta amsa. Malam Mukhtar yana tsaye taku uku a bayanmu, makullin mota a hannunsa, bai matsa ba kuma bai fita ba.

Na ce, "Umma, bari ni in amsa."